Furen Tamaka

Tun asuba na tsinko salati a lambun Jiratawa,
laka na manne a diddigena.
Na rufe tire da jiƙaƙƙen buhu
kada rana ta riga masu saye taɓawa.

A gefe, furen tamaka fari tas
da na kabewa, ruwan ɗorawa.
Wata hajiya ta ɗaga ɗaya, ta shinshina:
"Tasalla, har fure kike sayarwa?
Mu awaki ne?"

Na kwaɗa mata kaɗan da ƙuli.
Ta yi shiru tana tauna,
ta ƙirgo dala arba'in,
ta ce saura gyara.

Da la'asar
salati ya sunkuyar da kai kamar mai bashi.
Na yayyafa masa sauran ruwan butata,
ni kuwa na haɗiye miyau.