Gaba Goma Sha Ɗaya

Baba ya haƙa rijiya a Birni,
gaba goma sha ɗaya,
sai diga ta tofar da wuta.
Dutse.
Ya fito, ya karkaɗe riga, ya ce, "Damagaram ke nan."
A ramin muke zuba tsofaffin tuluna.

Ni kuwa na gaji layi.
Ƙarfe ukun dare nake jera bido a bakin famfo,
rawaya bayan rawaya, garken da ba ya kuka.
Tsahara mai makulli tana gyangyaɗi.
Famfon ya yi tari sau biyu, ya fasa magana.

Jiya hadari ya taso daga gabas.
Ruwa ya sauko kan duwatsu bai gaishe su ba,
ya bi kwata, ya tarar leda ta toshe ta,
sai ya shigo ɗakina ba sallama,
ya ɗauki takalmi ɗaya, ya nufi tafki.

Da safe na leƙa ramin:
ya cika har baki,
tulu guda na yawo, da kwaɗo a wuyansa.
Na sunkuya, na kira sunan Baba a hankali
ko zai ji.