Hanyar da Ta Ratsa Gonar Raistrick

A Kettlewell, inda katangun dutse suka fi mutane yawa,
wata siririyar hanya ta ratsa gonar tsoho Raistrick.
Gonar tasa ce, takarda ta shaida.
Hanyar ta kowa ce, doka ta faɗa.
Ni da na baro Gumel na zo jinyar tsofaffi,
kallo ɗaya na yi mata na gane burtali ne,
sai dai nan mutum ke bi, ba saniya ba.

Shekara talatin yana shari'a da ita.
Ya sa kwaɗo, ƙaramar hukuma ta ɓalle.
Ya girke bijimi a mashiga, aka ci shi tara.
Ɗan takarar da ya sha shayinsa ya yi masa alkawari,
ya ci zaɓe, bai ƙara tuna sunan ƙauyen ba.

Yanzu ni ke cuɗa masa baya.
Kuɗin jinya na cin gonar kamar gara,
ba a jin motsi, sai a ga rami.
Ranar Talata lauya ya zo da baƙar jaka,
ya nuna masa inda zai sa hannu,
hannun na rawa, na riƙe masa takardar.

Da dare ya ce, a garinku wa ke da ƙasa?
Na ce gwamna, in ka tambayi littafi.
Kakana ya ce wanda ya sare dajin.
Kakata kuwa cewa take,
ta waɗanda ke kwance a cikinta ce,
mu aro muke ci.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wani kamfani ya saya, ba mu ga fuskar kowa ba.
Suka kafa allo, suka sake makullai.

Jiya ya ce in tura shi a keke.
Muka shiga ta ƙofar da ya taɓa ɗaurewa da sarƙa,
taya na nutsewa cikin laka,
tumakin da ba su san an sayar da su ba suna kallonmu.
Dama haram, hagu haram,
taku biyu ne faɗin abin da ya rage masa.
Ya daɗe shiru, ruwa na ɗiga daga hularsa,
sannan ya ce, ɗan Gumel,
Allah ya so ni da na faɗi shari'ar nan.
Tura mu gaba.