Cinikin Inji a Suame

Shekara goma sha tara ina sunkuye,
adda a dama, gwafa a hagu,
a filin makarantarmu ta Asokore,
filin da bai taɓa jin labarin shimfiɗa ba.
Nan tudu, can rami, ga suri uku,
ga kututturen mangwaron da tsawa ta kayar,
ya ƙi ruɓewa don taurin kai.
Damina biyu Kumasi ke yi.
In na gama gabas ranar Laraba,
yamma ta yi tofa har gwiwa
tana mini dariya.

Sai kwamitin iyaye ya zauna.
Hajiya Memunatu ta ƙirga kuɗin sau biyu,
ta ɗaure da roba, ta ce,
"Gariba, sidi dubu sha takwas ne, ko sisi ba ƙari.
Sayo mai kujera, bayan nan naka ya huta."

Na hau torotoro zuwa Suame,
inda ƙarfe ba ya mutuwa, sai dai ya sake suna.

Na farko ja ne, sabo fil,
har da gurbin ajiye kofi kusa da sitiyari.
Da yaron shagon ya faɗi kuɗinsa
na ji kamar na taka ƙaya da tsakar tafin ƙafa.
Na ce Allah ya haɗa shi da mai shi.

Na biyu araha, har ta ba ni tsoro.
Cikinsa na jan ƙasa kamar ƙadangare,
tayoyi kamar murfin tukunya.
An haife shi don fili mai ladabi.
Suri ɗaya zai zubar masa da haƙora.

Masta Boakye, baƙin mai har gwiwar hannu,
ya ja ni bayan rumfa da Hausarsa ta Zango:
"Baba, bar kallon fenti. Kwanta ka duba ciki."
Na kwanta a ƙasa da rigata ta fita unguwa.
Kaskon wuƙa mai kauri, tsatsa a leɓe kawai,
tayoyin baya manya, zanensu bai shafe ba,
kujera ta yage an ɗinke da zaren buhu,
fitila ɗaya ta makance.
Ya ce, "Bel ɗinsa na nan layi na uku.
Wuƙa ko ta karye, da sifirin mota zan ƙera maka.
Injin da kayansa ke bayan teku,
ranar da ya kwanta, kaji sun sami wurin kwana."

Ya murɗa makulli. Shiru.
Ya sake. Ya yi tari biyu kamar tsohon mai shan taba,
sannan ya kama,
kuma hayaƙinsa ba shuɗi ba ne.

Ya ce ashirin. Na ce sha huɗu. Ya ce albarka.
Na yi tafiyata har bakin kwata, ina addu'a a ciki,
sai na ji, "Baba, dawo mana."
Sha shida da rabi.
Ragowar ta tafi ga fetur, da bel na ajiya,
da yaron aboboya da ya kai mu gida.

Ranar Litinin yara suka cika tagogi.
Na hau. Bayana bai san yadda ake zama ba,
sai neman sunkuyawa yake.
Na ɗaga wuƙa sama kamar yadda Boakye ya ce,
na bi a hankali, giya ta ɗaya,
ramuka na jijjiga ni kamar wake a faifai.
Kafin azahar ciyawa ta biya bashinta:
ƙwallo uku, takalmi wari ɗaya,
da ƙararrawar da aka yi wa wani yaro bulala a kanta bara.

A gindin kututturen nan na kashe inji.
Na sauka, na zaro adda daga bayan kujera.
Wannan kwanar ba ta taya ba ce,
tsakanina da shi akwai tsohuwar magana.