Rabon Bashi

A Gotha, ranar Talata, coci ba kowa,
sanyi na cizon yatsu,
Uwargida Hesselbarth ta buɗe cikin fiyano
kamar mai feɗe rago,
ta miƙo min maƙullin murɗi: "Tilo, fara."

Na murɗa, na kasa kunne.
Tsirkiya biyu: kafin wannan ta kaɗa sau biyu
waccan ta yi uku,
suka haɗu suka yi luf
kamar ruwan da ya kwana a randa.
Na ce a raina, wannan ya fi ƙarfin gyara.

Haka na yi ta hawa, taki goma sha biyu,
kowanne tsaf, kowanne tas,
ina jiran in faɗo ƙofar da na fito.
Ashe na zarce. Da ɗan kaɗan,
bai kai rubu'in ratar maɓalli da maƙwabcinsa ba,
amma da na danna su tare
sai kyarkeci ya yi kuka cikin katako,
har mai shara ta ajiye tsintsiya tana harara.

Tsohuwar ta goge tabarau.
"Ba kunnenka ba ne, lissafin ne.
Ninka uku har gobe,
ba za ta sauka gidan biyu ba.
Mutanen da sukan tura bashin nan
lungun da ba a cika shiga ba,
su ce wa makaɗi kar ya leƙa can.
Mu raba shi muke, gida goma sha biyu,
kowa ya ɗau ƙwaya, ba mai kai ƙara."

Ta sassauta abin da na ɗaure,
kaurin silin gashi.
Amon ya soma numfashi a hankali,
wuu, wuu, wajen sau uku a daƙiƙa huɗu.
Ratar huɗu-da-biyar kuwa ta buɗe fiye da kima,
tana karkarwa
kamar ƙudan zuma a jikin gilashi.

Na ce, "To ai yanzu duk ƙarya ne."
Ta ce, "Duk kusa ne."
Ta zauna da rigar sanyinta, ta bi maɓallan,
fari da baƙi, gida-gida,
ba inda aka hana ta shiga.

Da magariba, a tasha,
leburori uku na rera wani abu, ba kayan kiɗa,
muryoyinsu suka yi luf ɗin nan na safe.
Na tsaya har jirgina ya tafi.
Na waiga: ita ma, da jakar aikinta a hannu,
ta tsaya tana saurara.