Shuɗi a Wuyan Murta

Ruwan Yuli a Valdivia ba ya sallama,
kwana tara yana dukan rufin kwano.
Itacen murhu ya jiƙe, bangon katako yana gumi,
ni da zomanyar Rayen muna zaman jiran rana.

Rayen tana Santiago wajen karatu.
Ta bar mini Murta da takarda a ƙofar firji:
ingirici kullum, ganye kaɗan, Kaka, ban da burodi.
Iyakar wasiyyar ke nan.

Hancina ya riga idona sani.
Wari ne irin na tsumman da aka manta a cikin kwalekwale.
Na ɗaga haɓarta, inda fata ta naɗe kamar gammo,
gashin ya jiƙe ya cure,
farinsa ya koma shuɗi mai ratsin tsanwa,
launin tagullar jirgin fiton da na yi wa bauta shekara talatin.
Ƙarƙashinsa ja ne, ɗanye, yana tsatsar ruwa.
Na taɓa, ta ƙame, ko uffan.
Zomo ba ya tallan ciwonsa,
a dawa mai ɗingishi shaho ke fara gani.

A durowa akwai ragowar kafson ciwon haƙorina.
Na ɓare ɗaya, har garin ya zuba a cokali,
sai hannuna ya ƙi.
Na san injin jirgi, ban san cikin zomo ba.
Na kife cokalin, na nemo kwali da tawul.

Banza ba ta kai zomo kasuwa,
balle asibiti a irin wannan ruwa.
Likita Ximena Huenchullán ta aske wurin a hankali,
ta goga auduga, ta rufe a kwalba, za a aika gwaji
a san sunan ƙwayar cutar kafin a zaɓa mata makami.
Ta leƙa turamen haƙora ko miyau ke zuba,
ta lalubi muƙamuƙi ko ƙurji ya ɓuya,
don mugunyar zomo kauri gare ta kamar cuku,
ba ta fita da matsi, sai wuƙar likita.
Ta juya dugadugai, babu gyambo.

A me take shan ruwa, Don Eliodoro?
Na ce a kwanon marigayiya matata, mai faɗin baki.
To ga ɓarawon, in ji ta.
Duk kurɓa wuyanta na wanka, gidanka kuma ba ya bushewa.

Na ba ta labarin kafson. Ta ajiye alƙalami.
Da ka ba ta, da ya kashe ƙwayoyin kirki na hanjinta,
da yanzu rami kake haƙa a gindin tuffa.
Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na haɗiye miyau.

Safe da yamma, wanki da ruwan magani,
a tsane da tsumma mai tsabta har ya bushe ƙayau.
Sirinji ta gefen baki, ɗigo ɗigo, kwana goma sha huɗu,
ko wurin ya yi kyau kada a tsaya.
In ta ƙi ci, ko kashinta ya ɗauke,
ko tsakar dare ne a buga ƙofa.
Kwalba mai bakin ƙarfe ta karɓi aikin kwano.

Murta ba ta riƙe likita a zuci ba.
Ni take buga wa ƙafa in na shigo da tawul,
ta juya mini baya, kunnuwa a kwance.
Zomo dama ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa.

Kwana na sha ɗaya, jan ya dushe,
wani gashi mai laushi ya leƙo kamar tsiron bayan shuka.
Ta karɓi ganyen faski daga yatsuna,
ta ɗan cije ni, don kada in ɗauka an shirya.

Kwanon yana kan taga yanzu, cike da ƙasa.
A ƙasan takardar Rayen na ƙara layi ɗaya
da rubutuna mai karkata:
a riƙa ɗaga haɓarta ana dubawa.