Matakala Tamanin da Bakwai

Takardar ta zo cikin jakar Amaro,
ta sha maiƙo, gefenta ya lanƙwashe.
Malama Ximena ta rubuta da jan biro:
kafin hutun ƙarshen shekara,
yaro ya ƙirga zuwa ashirin,
ya rubuta sunansa,
ya riƙe almakashi bai ji ciwo ba,
ya ɗaure igiyar takalmi,
ya jira har layi ya zo kansa.

A tsaye na karanta, hannuna duk fulawa.
Ni mai gasa burodi ne a Valparaíso,
dare nawa ne, rana ta barci ce,
yaushe zan zama malami?
Nélida tana gyara rigar asibiti a bakin ƙofa,
ta ce, ba ta ko waiwayo ba,
"Ai kai kake raka shi. Hanya ma aji ce."

Gidanmu yana bisa tudu,
makaranta tana ƙasa, inda ake jin ƙarnin teku.
Tsakaninsu matakala tamanin da bakwai.
Muka fara: ɗaya, biyu, uku.
Daga sha biyu sai ya dire a sha biyar,
ya ce sauran biyun kare ya kwanta a kansu.
Gaskiyarsa kuwa, akwai kare,
baƙi, mai kunne ɗaya,
ba ya tashi don kowa.

Suna kuma a kan teburina muka yi shi.
Na barbaɗa fulawa, ya ja da yatsa.
A, rufin gidan maƙwabta.
M, tudu biyu sun jingina da juna.
O, bakin kifi a kwandon masunta.
R ce ta ƙi shi,
kullum sai ta juya baya
tana kallon inda ta fito.
Sau ɗaya na ɗaga murya.
Ya share komai da tafin hannu,
ya shige ƙarƙashin tebur,
kwana biyu bai taɓa fulawa ba.
Ni da na san kwaɓin burodi
ba a yi masa tsawa ya tashi,
rufe shi ake yi, a bar shi da ɗumi.
Wannan darasin ba ya cikin takarda,
amma nawa ne.

Almakashi a hannun kakarsa Eduvigis ya koya,
suna yanka tsohuwar jarida,
har da gefen labulen ɗakin,
ta rantse haka ya fi kyau.
Layi kuwa a shagona ya gani.
Wata safiya na ɗago kai,
ga shi bayan tsoho Eleuterio,
kwabo a dunƙule cikin hannu,
yana jiran ya sayi burodin ubansa.
Na karɓi kuɗin. Na ba shi canji.

Wata Talata cikin Nuwamba kare bai zo ba.
Amaro ya tsaya a kan sha biyu,
ya daɗe yana duban siminti.
Ya taka a hankali: sha uku.
Ya sake takawa: sha huɗu.
Sai ya ce, "Baba, ina ya tafi?"
Na duba sama, na duba ƙasa,
ban da amsa.
Muka zauna nan har ƙararrawa ta kaɗa can nesa.

Da ya miƙe bai jira ni ba.
Sha tara, ashirin,
ashirin da tara,
ashirin da goma.
Na buɗe baki zan gyara,
na rufe.

A ƙofar makaranta igiyarsa ta kwance,
wannan har yau ba mu ci ta ba.
Na durƙusa ina ɗaurewa,
ya dafa kaina da hannu biyu,
yana ƙirga furfura.