Kwale-kwale Mai Lamba Goma Sha Bakwai

A Viana, inda kogin Lima ke miƙa wuya ga teku,
ina da ɗaki a saman shagon burodin Deolinda.
Ƙamshin gashi kan hawo da asuba
ya tarar da ni cikin warin gam.

Shekara huɗu ke nan ina gina jirgi a kan tebur.
Ban sayo komai a kwali ba.
Ƙashin bayansa daga tsohuwar ƙofar gidanmu na yanko,
wadda uwata ta riƙa buɗewa tana leƙen hanya.
Haƙarƙari sittin da biyu, na itacen zaitun,
na zana, na fere, na bi da samfefa
har zanen yatsuna ya shafe.

Awo ba ya son gardama:
taku hamsin a jirgin gaske, taku ɗaya a nan.
Katako kuwa da taurin kai yake zuwa.
Sai na kai shi bakin butar shayi,
tururi ya lallashe shi,
ya rusuna kamar mai gaida surukai.
Wanda na gaggauta ya ce ƙas.
Tara na karya a gefen hagu kaɗai
kafin na gane ba a yi wa itace tsawa.

Jigo huɗu, da igiyoyin zare da na ja cikin kakin zuma.
Ƙulli ɗari uku da hantsaki,
ina riƙe numfashi kamar mai satar shiga.
Ƙyallen kama iska daga matashin matata ne,
na jiƙa shi da shayi don ya tsufa.

Rannan tsoho Tibúrcio ya hawo da sandarsa,
shi da ya wanke tukwane a jirgin yana yaro.
Ya duba, ya duba, ya ja tsaki:
"Germano, ƙararrawar ba nan take ba.
Kuma wannan tsabta fa? Ina warin kifi da gishiri?"
Na ɓalle aikin mako uku.
Warin dai ban san yadda ake sassaƙa shi ba.

Saura kwale-kwalen masunta,
waɗanda ake kifewa cikin juna kamar kwanoni.
Kowace safiya, can ƙasar ƙanƙara,
a sauke mutum ɗaya cikin kowanne, da ƙugiya da gurasa,
ya tafi shi kaɗai.
Hamsin da biyu na yi, kowanne bai kai ɗan yatsa ba,
na rubuta lambobinsu da gashi guda na buroshi.

Na goma sha bakwai na Abílio ne, yayana.
Hazon teku ya sauko da hantsi.
Kwana biyu suna kaɗa ƙararrawa.
Kyaftin ya rubuta layi ɗaya a littafi,
aka ɗaga anga.
Ina da shekara shida. Takalminsa aka kawo mana.

To, ga shi a tafin hannuna, har da 'yan sandunan tuƙi.
In na ɗora shi kan sauran, na yi wa jirgin ƙarya.
In na bar shi, na sake barinsa.
Wata biyu yana kwana a aljihun rigata.

Jiya jikar Deolinda ta kawo min burodi,
Benedita, mai giɓi biyu a gaba.
Ta gan shi, ba ta tambaye ni ba,
ta ɗauka ta ajiye can ƙarshen tebur,
bayan kwalbar gam, kusa da taga,
ta juya goshinsa ya kalli jirgin.
Sannan ta sa farce ta taɓa ƙararrawar,
wadda ba ta fi ƙwayar masara ba.

"Ba ta ƙara," in ji ta.
Na ce, sake taɓawa.
Muka yi shiru mu biyu,
burodin yana hucewa.